Ɗan faifan da ke sauya launi idan sanyi ya kama jariri

A watannin hunturu, lokacin da sanyin asuba ke ratsa bargo a Jos, Funtuwa ko Maraɗi, akwai haɗarin da ba a cika maganarsa ba a ɗakin mai jego: jikin jariri ya yi sanyi ba tare da kowa ya lura ba. Jariri ba ya rawar ɗari kamar babba. Wanda sanyi ya kama sosai yakan yi lamo, ya rage kuka da tsotso, har 'yan barka su riƙa yaba masa haƙuri. Bakwaini da wanda aka haifa ba nauyi su suka fi shiga wannan hali.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce zafin jikin jariri ya kamata ya tsaya tsakanin digiri 36.5 da 37.5 a ma'aunin Salshiyas. Idan ya sauka ƙasa da 32, rai na cikin haɗari. Sai dai ba kowane gida ke da ma'aunin zafi ba, kuma ko akwai shi, sai an san karatun lambobinsa.

Wannan giɓi ne wani ɗan faifai mai suna ThermoSpot, da aka ƙirƙiro a Birtaniya, ya zo cikewa. Faɗinsa milimita 12, kamar maɓallin riga, kuma ana manna shi a fatar jariri. Idan zafin jiki daidai yake, sai ya zama kore, da hoton fuska mai murmushi. Idan ya faɗi ƙasa da digiri 35.5, sai ya koma baƙi. Ba batir, ba lamba. Kakar da ba ta taɓa zama a aji ba za ta karanta shi da fitilar waya. An gwada shi a Malawi da kuma unguwannin talakawa a Indiya.

Sirrinsa wani sinadari ne da ake kira likwid kiristal, wanda ke tsakanin ruwa da daskararren abu: yana gudana kamar ruwa, amma ƙwayoyinsa na jere cikin tsari. Friedrich Reinitzer, masanin tsirrai ɗan Ostiriya, shi ya fara cin karo da shi a birnin Prag a 1888. Ya ɗumama wani sinadari dangin kolestarol, ya ga ya narke ya zama ruwa mai gurɓi a wajen digiri 145, sannan ya washe tas a wajen 178, yana nuna launuka yayin da yake hucewa. Ya aika wa Bajamushe Otto Lehmann, wanda ya raɗa wa abin suna.

A irin wanda ke sauya launi, ƙwayoyin dogaye ne kamar tsinke, kuma sun jeru hawa-hawa, kowane hawa ya ɗan karkace daga na ƙasansa, kamar igiyar da aka tufka. Tsawon murɗa guda shi ke yanke launin hasken da zai dawo wa ido. Zafi na ƙaruwa, murɗar na tsukewa, launi na tashi daga ja zuwa kore zuwa shuɗi. Idan zafin ya fita daga iyakar da aka haɗa sinadarin dominta, ba ya maido da launi ko ɗaya, sai baƙin bangon da ke bayansa ya bayyana. Baƙin da uwa ke gani ke nan.

Danginsa ne a gilashin kalkuleta da na talabijin da yawa, sai dai a can lantarki ke juya ƙwayoyin. A Amurka ma an yi yayin wani zobe a 1975 da aka ce launinsa na fallasa abin da ke zuciyar mai shi. Zafin yatsa kawai yake aunawa, amma an sha ciniki.

Darasin zoben bai tsufa ba, domin fata kaɗai sinadarin ke ji. Shi ya sa likitoci ba su cika amincewa da siririyar ledar da ake mannawa a goshi don auna zazzaɓi ba: gumi, iskar fanka ko zafin ɗaki na iya karkatar da ita, ta nuna lafiya alhali yaro na ƙuna a ciki. A yankin da zazzaɓin cizon sauro ke kashe yara, dogaro da ita kaɗai ganganci ne.

Masu bincike sun wuce batun zafi. A 2011, tawagar Nicholas Abbott a Jami'ar Wisconsin ta nuna cewa ƙananan ɗigon likwid kiristal na sauya tsari idan suka haɗu da ɗan mitsitsin gubar da wasu ƙwayoyin cuta ke ɗauke da ita, sauyin da ake gani a madubin likita.

Shi kuwa faifan jarirai, ya kamata a lura cewa yana yin baƙi ne bayan zafi ya sauka digiri guda cur ƙasa da iyakar da Hukumar Lafiya ta gindaya. Don haka baƙi ba gargaɗin farko ba ne. A kwantar da jariri a ƙirjin uwa, fata da fata, a sa masa hula, a lulluɓe su tare, a ba shi nono, idan launin bai dawo ba a nufi asibiti. Hukumar ta kuma ba da shawarar a jinkirta wankan farko har awa 24 bayan haihuwa, shawarar da sai an zauna da ungozoma da kakanni kafin ta samu shiga.