Yadda za ku zaɓi rediyon hannu mai aiki da kati da naɗar murya

Idan kuna jagorantar cibiyar karatun manya, ko ƙungiyar mata, ko taron manoma masu sauraron rediyo tare, kun san wannan matsala: shirin da kuke bukata yakan zo a lokacin da mutane suke gona, ko rijiya, ko kasuwa. Kafin a taru da maraice, shirin ya wuce. Rediyon da ke iya naɗar shiri ya ajiye, a saurara daga baya, a kuma maimaita wurin da ba a gane ba, shi ne maganin wannan matsala. Sai dai kasuwannin Maraɗi, Damagaram, Tawa da Yamai cike suke da rediyoyi masu kama da juna, kuma ba duk wanda aka rubuta wa REC a jiki ba ne yake yin aikin da kuke nufi. Kuɗin da za ku kashe kuwa sau da yawa na asusun ƙungiya ne, wanda aka tara dala-dala.

Wannan aiki ba baƙo ba ne a Nijar. Tun shekarar 1962 aka kafa ƙungiyoyin sauraron rediyo, inda jagora yakan tara mutanen gari su saurari shiri, su yi mahawara a kansa, ya ɗauki maganganunsu a na'ura, a aika Yamai domin a watsa. Daga 1999, lokacin da aka buɗe rediyon karkara na Bankilare, gidajen rediyon al'umma suka yi ta ƙaruwa. A da ana amfani da kaset. Yanzu ɗan ƙaramin kati ya maye gurbinsa, wanda ƴan kasuwa ke kira memuwar ko memori.

Wasu za su ce ai salula tana yin duk wannan. Tana yi, amma sautinta ba ya isar mutum ashirin da ke zaune a ƙarƙashin rumfa, kira yakan katse darasi, kuma idan mai ita ya yi tafiya, darussan sun tafi tare da shi. Rediyon ƙungiya kuwa yana zama a gari.

Daga ina yake naɗa?

Wannan ita ce tambaya mafi muhimmanci, kuma ita ce masu saye suka fi mantawa. Rediyo yana iya naɗar sauti ta hanya uku. Ta farko, kai tsaye daga tashar da ya kamo, ba tare da sautin ya fita waje ba. Ta biyu, ta makirfon da ke jikinsa, wanda ke ɗaukar duk abin da ake faɗi a wurin. Ta uku, ta waya da ake haɗawa daga wata na'ura, kamar salula ko tsohon rikoda, wadda ke da amfani idan kuna son juyar da tsofaffin kaset-kaset zuwa kati.

Rediyoyi masu araha da yawa hanya ta biyu kaɗai suke da ita. Idan kun danna maɓallin naɗa ana cikin shiri, makirfo ne yake ɗaukar abin da lasifika ke fitarwa, tare da duk hayaniyar gida. Na taɓa faɗawa cikin wannan kuskure. Na sayo wa wata cibiya rediyo bisa maganar mai shago, malamar ta naɗi shiri a kan haɗa ruwan gishiri da sukari, da aka zo saurare sai ga kukan akuya da bugun turmi sun rufe daidai wurin da ake faɗin awo. A irin wannan shiri, awon shi ne komai.

Saboda haka kada ku biya kuɗi sai kun gwada. Ku tafi da katinku. Ku kamo wata tasha, ku danna maɓallin naɗa, ku rage sauti sosai, sannan ku yi magana ko ku tafa hannu kusa da rediyon. Bayan minti biyu ku tsayar, ku saurari abin da aka naɗa. Idan kun ji tashar sarai, babu muryarku, babu tafi, to rediyon yana naɗa kai tsaye. Idan muryarku ce ta fito, tashar tana can nesa, makirfo kaɗai yake da shi. Akwai kuma waɗanda ke naɗa kai tsaye amma ƙarfin abin da aka naɗa yana bin ƙarfin lasifika. Irin wannan ba laifi, muddin mai riƙe da shi ya san kada ya rage sauti lokacin naɗa.

Ku maimaita gwajin a kan gajeren zango idan za ku yi amfani da shi. A wasu rediyoyi, da zarar an fara rubutawa a kan kati sai wani zuuu ya shiga cikin tashar, domin sashen da ke rubutun yana damun sashen da ke kamo tasha. A FM ba a cika jin wannan ba.

Bayan haka ku gwada makirfon. Ku ajiye rediyon a kan tabarma, mutum ɗaya ya yi magana daga taku ɗaya, wani daga taku huɗu. Yawancin waɗannan makirfo ba su da nisan ji. Idan za a naɗi taro, gara a riƙa miƙa rediyon ga mai magana. Ku kuma tambayi abin da ke faruwa idan batir ya ƙare ana cikin naɗa. A rediyoyi da yawa, sai an danna maɓallin tsayarwa sannan a adana abin da aka ɗauka. Idan wuta ta mutu kafin nan, ko an zare katin, aikin awa guda yana iya lalacewa.

Tashoshin da yake kamawa

Gidajen rediyon al'umma, masu zaman kansu irin su Anfani, da Muryar Sahel a manyan garuruwa, duk a kan FM ake samunsu, tsakanin megahaz 87.5 da 108. Ku duba rediyon ya kai 108, domin akwai waɗanda aka ƙera wa ƙasar Japan, da ba sa kaiwa can. FM ba ya tafiya nesa, tudu ma yana tare shi. Rediyon da ya kama tashoshi goma a tsakiyar Maraɗi yana iya kasa kama ko ɗaya a ƙauye mai nisan kilomita 60. A kasuwa, ku nemi tashar da ta fi rauni ku gwada da ita, kada ku gwada da wadda ke bayan shagon.

Idan garinku yana nesa da kowace tasha, kuna bukatar gajeren zango, wato SW. Ku duba akwai mita 49, 41 da 31, waɗanda suka fi kyau da dare da asuba, da kuma mita 19 da 16, waɗanda suka fi kyau da rana. Tashoshin ƙetare sukan sauya mitocinsu sau biyu a shekara, a ƙarshen Maris da ƙarshen Oktoba, wasu kuma sun rage shirye-shiryensu na gajeren zango ko sun daina, don haka ku tabbatar tashar da kuke so tana nan kafin ku ƙara kuɗi saboda ita. Lokacin da suke sanarwa sau da yawa na GMT ne. Ku ƙara awa ɗaya ku sami agogon Nijar. Matsakaicin zango, wato MW ko AM, yana da amfani da dare. A nan Afirka tazarar tashoshinsa kilohaz 9 ce, a Amurka 10. Rediyo mai lambobi ya kamata a iya saita shi a kan 9.

Batir

Rediyon ƙungiya ya fi mutuwa ta wajen batir. Iri uku ne kuka fi gamuwa da su. Akwai mai batir shafaffe irin na tsofaffin wayoyin Nokia, mai lamba BL-5C, wanda ƙarfinsa yake wajen mAh 1,000. Retekess V115 misali ne na irin wannan. Amfaninsa shi ne ana samun batirin kusan ko'ina ake sayar da kayan salula, kuma ana iya ajiye na biyu a aljihu. Akwai mai batir dogo, mai lamba 18650, kamar Tecsun ICR-110, wanda ya fi daɗewa kafin ya sauka. Batir 18650 na ƙwarai bai wuce wajen mAh 3,500 ba. Idan kun ga an rubuta 8,000 ko 9,900, ƙarya ce, kuma galibi irin waɗannan su ne mafi rauni. Na uku shi ne wanda aka rufe batirinsa a ciki, ba ya fita sai an kwance rediyon. A ganina wannan bai dace da ƙauye ba: ranar da batirin ya gaji, rediyon ya zama kayan ado.

Idan kun sami wanda ke karɓar caji, yana kuma karɓar batir na tocila, wato pil, ya fi, domin ranar da babu caji ba za a fasa darasi ba. Ku zaɓi wanda ake caja da wayar USB irin ta salula, saboda duk inda ake cajin waya za a iya caja shi.

Ɗan faifan hasken rana da ake mannawa a bayan wasu rediyoyi ƙarami ne ƙwarai, ba ya cika batir sai an daɗe. Kuma domin ya yi aiki sai an shanya rediyon gaba ɗaya a rana, alhali zafi yana kashe batirin litiyom, balle a watannin Afrilu da Mayu da zafi ke wuce digiri 40. Gara faifai daban mai doguwar waya: shi a rana, rediyo a inuwa.

Kati da darussan da ke cikinsa

Kada girman kati ya ruɗe ku. Sautin MP3 mai inganci 128 yana cin kusan megabayit ɗaya a minti, wato kati mai giga 8 yana ɗaukar fiye da awa 130. Ga magana zalla, inganci 64 ya isa, kuma yana ninka wannan lokaci. Yawancin ƙananan rediyoyi ba sa karanta katin da ya wuce giga 32. Kati biyu ƙanana sun fi ɗaya babba: ɗaya na aiki, ɗaya na ajiya a wurin ma'aji. Akwai katunan jabu da ke nuna girman da ba su da shi, sai an cika su sannan a tarar abin da aka zuba ya ɓace. Ku saya a wurin wanda za ku iya komawa gare shi.

Ga wani abin lura. Saƙon murya na WhatsApp, da abin da salula da yawa ke naɗa, ba MP3 ba ne, kuma yawancin waɗannan rediyoyi ba za su gan shi ba ko da yana cikin katin. Sai an juya shi zuwa MP3 a kwamfuta ko a waya tukuna. Haka nan wasu rediyoyi ba sa bin sunan darasi, suna bin jerin yadda aka zuba su ne. Ku sa wa darussa lamba, 01, 02, 03, a kuma zuba su ɗaya bayan ɗaya.

Ga mai koyarwa, abu biyu sun fi ƙarar sauti muhimmanci. Na farko, rediyon ya tuna inda aka tsaya. Ku kunna wani sauti, ku bari ya yi minti uku, ku kashe rediyon, ku sake kunnawa. Idan ya koma farko, kowace rana za ku ɓata lokaci kuna neman wurin. Na biyu, a iya komawa baya kaɗan a cikin darasi ɗaya, ba tsallakawa zuwa wani ba, domin mai koyo yakan ce, “Malam, a maimaita wancan wurin.” Rediyo mai maɓallan lamba daga 0 zuwa 9 yana sauƙaƙa zuwa darasi na 27 kai tsaye, kuma masu koyo suna ƙara sabawa da lambobi ta wannan hanya.

Ku tuna da wanda zai riƙe shi. Idan dattijuwa ce da ba ta gani sosai, maɓallai manya kaɗan sun fi ƙanana masu yawa. Ana iya ɗiga jan fenti a kan maɓallin naɗa. Ku duba kuma yadda ake goge abu: idan dannawa ɗaya ta isa, yaro zai share muku aikin wata guda. Game da ƙarfin lasifika, kada ku kula da manyan lambobin wat da ke jikin kwali. Ku fita da rediyon waje, ku ja da baya taku goma, ku ji ko kalmomi suna fita sarai.

Bayan an saya

Ku karɓi takardar shaidar saye, ku kuma yi yarjejeniya da mai shago a gaban shaida cewa za ku mayar idan ya kasa kama tasha a garinku cikin kwanakin da kuka amince. Ku rubuta a littafin ƙungiya sunan wanda zai riƙe rediyon, da wanda zai biya kuɗin caji. Ku ɗinka masa jaka saboda ƙurar hunturu, wadda ke shiga ramin kati da na caji. Eriya ita ce ta fi saurin karyewa. A riƙa jawo ta a hankali daga gindi. Idan gajeren zango ya yi rauni, ku ɗaura wa eriyar waya mai tsawon mita biyar ko shida, ku rataya ta sama, ku cire ta idan hadari ya taso. Ku kuma nisanta rediyon daga caja da ƙwan fitila na LED, domin suna sa ƙara a cikin tasha.

Kada a kai katin darussa wurin masu tura waƙoƙi da finafinai a kasuwa. Can ne ake goge shi bisa kuskure, ko ya kwaso cutar kwamfuta.

Kafin ku naɗi muryar kowa, ku nemi izininsa, ku gaya masa wanda zai saurara da inda za a kai maganar. Mace tana iya faɗin abin da ya shafi haihuwa ko bashi a tsakanin ƴan uwanta mata, amma ba ta yarda a ji shi a gidan rediyo ko a dandali ba. Idan wani ya ce a goge maganarsa, ku goge a gabansa, ku goge kuma a katin ajiya da ke wurin ma'aji.