"Da Sauƙi": Yaya Ake Gane Ruƙiya Tana Aiki?

Duk Bahaushen da ya taɓa zuwa dubiya ya san tambayar, ya kuma san amsarta. Ka ce, "Yaya mai jiki?" a ce maka, "Da sauƙi." Ko da majinyaci yana kwance rai-kwakwai-mutu-kwakwai, amsar ke nan. A wurin mai nazarin harshe, wannan jimla addu'a ce da kyautata zato ga Ubangiji, ba rahoton halin da ake ciki ba. Al'ada ce kyakkyawa, kuma ba na kiran a bar ta. Inda gizo ke saƙar shi ne idan masu jinya da kansu suka mayar da gaisuwa ma'aunin waraka, musamman a harkar ruƙiya, wadda ta bazu a garuruwanmu tun tsakiyar shekarun 1990, lokacin da labarin Sumbuka ya karaɗe makarantun 'yan mata a Kano.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami ya faru ne a gidanmu. Wata 'yar yayata takan yanke jiki ta faɗi, ta sandare, sannan ta farfaɗo ba ta san abin da ya auku ba. Aka shafe watanni ana kai ta wurin mai ruƙiya. A kowane zama takan yi kuka da fizge-fizge, a dawo gida ana murna wai aljanin ya ji jiki. Rannan na ce da mahaifiyarta, "Yaya, sau nawa ta faɗi a watan jiya, sau nawa kuma a wannan watan?" Ta yi shiru, can ta ce, "Ai da sauƙi." Muka sayi ɗan littafi muka fara rubutawa. Da wata biyu suka cika, littafin ya nuna mana abin da baki ya ƙi faɗa: ko kaɗan faɗuwar ba ta ragu ba. Likita ya duba ta ya ce farfaɗiya ce. Ta fara shan magani, ba ta kuma bar karanta Falaƙi da Nasi da Ayatul Kursiyyu ba, yau ga ta ta koma makaranta.

Kada mai karatu ya yi mini gurguwar fahimta. Ruƙiya tabbatacciya ce a Sunna. Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Abu Sa'idil Khudri (RA) labarin sahabban da suka yi wa wani shugaban ƙauye tofi da Fatiha bayan an harbe shi, Manzon Allah (SAW) kuma ya amince da abin da suka yi. Amma a lura da yadda aka gane ta yi aiki: mutumin ya miƙe ya yi tafiya da ƙafarsa, mutanensa suna kallo. Ba a buƙaci wani ya fassara musu alamar ba, domin gani ya kori ji.

Harshenmu ma bai bar mu a duhu ba. Hausa ta bambanta lafawa da sauƙi da murmurewa da warkewa. Ciwo yakan lafa, kamar wutar da ta kwanta a ƙarƙashin toka. Sauƙi shi ne ya ragu, raguwar kuma ta ɗore. Murmurewa ita ce ƙarfi ya fara dawowa, warkewa kuwa a koma harka kamar da. Akwai kuma ta biyar da ke yaudarar mutane, wato sabo: ciwo yana nan daram, iyali ne kawai suka daina firgita. Mafi yawan abin da muke kira sauƙi, in an bi diddigi, lafawa ce ko sabo.

To, da me za a auna? A ganina da rayuwar yau da kullum, ba da abin da ke faruwa a ɗakin ruƙiya ba. Shin majinyaci yana samun barci? Yana cin abinci? Yana sallah a kan lokaci ba tare da an yi dambe da shi ba? Yana hira da iyalinsa, ya koma aji ko kasuwa ko ofis? Tazarar da ke tsakanin tashin ciwo tana ƙaruwa? Babbar alama kuma ita ce ya fara iya yi wa kansa karatu, buƙatarsa ga mai ruƙiya tana raguwa. Nana A'isha (RA) ta ba da labarin cewa Annabi (SAW) yakan karanta surorin neman tsari ya tofa wa kansa idan ba ya jin daɗi. Saboda haka ruƙiyar da kullum take ƙara ɗaure mutum a ƙofar wani malami, kuɗin zama yana hauhawa, akwai alamar tambaya a kanta.

Ina kuma jan hankalin 'yan'uwana 'yan boko game da wani salon magana. Idan ciwo ya tsananta, a ce aljani ne ke shan wuya. Idan ya lafa, a ce ya fita. Idan ya dawo, a ce ɗan'uwansa ne ya zo ramuwa. Ma'aunin da kowane sakamako ke zama nasara a wurinsa ba ya auna komai. Mu da muke neman hujja a kan kowace magana a wurin aiki, bai kamata mu ajiye hankalinmu a bakin ƙofa tare da takalma ba.

Magabata ba su yi haka ba. Ibnul Ƙayyim, wanda ya rasu a shekarar 1350, ya kasa farfaɗiya gida biyu a littafinsa Zadul Ma'ad: wadda ya danganta da miyagun ruhohi, da wadda ke tasowa daga jiki, wadda likitoci ke magana a kanta. Ibnu Hajar kuma a Fathul Bari ya kawo sharuɗɗa uku na halaccin ruƙiya: ta kasance da zancen Allah ko sunayenSa da siffofinSa, da Larabci ko harshen da ake fahimtar ma'anarsa, a kuma ƙudurce cewa ba ita ke warkarwa da kanta ba, Allah ne. Babu bulala a ciki, babu mari a ƙafa, babu kaɗaicewa da matar da ba muharrama ba.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum kusan miliyan 50 ne ke fama da farfaɗiya a duniya, kuma har kashi 70 cikin 100 na iya rayuwa ba tare da faɗuwa ba idan aka gano cutar aka ba su maganin da ya dace. Asibitocin ƙwaƙwalwa na Barnawa a Kaduna da Kware a Sakkwato da Dawanau a Kano ba don ado aka gina su ba. Idan aka ga zazzaɓi mai zafi da sanƙarewar wuya, ko jijjigar da ta wuce minti 5, ko maijego ta rikice, ko majinyaci yana maganar kashe kansa, a garzaya asibiti a ranar, ana tafe ana tofi. Kada kuma a dakatar da maganin likita don wani ya ce yana hana karatu shiga.

Shawarata ga masu jinya ita ce su yanke wa'adi, su riƙe littafi, su tambayi majinyaci da kansa, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. A ci gaba da amsa wa 'yan dubiya "da sauƙi", amma idan an rufe ƙofa a faɗa wa juna gaskiya. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, na gida da na asibiti, amin.