Tsohuwar Hilux ko sabuwa: hanya ce alƙali

Duk wanda ya tara ƴan kuɗinsa domin sayen motar ɗaukar kaya, ɗan kasuwa ne a Maraɗi ko ma'aikaci a Yamai, tambaya guda ke hana shi barci: tsohuwar Hilux ko sabuwa? Kamfanin Toyota ya fara ƙera motar nan a 1968, amma gardamar garejojinmu ta fi tsayawa tsakanin samfurin 1988 zuwa 1997 da wanda ya fito a 2015.

Masu son tsohuwa kan ce da tsohuwar zuma ake magani, kuma suna da hujja. Injinta na gazuwal, mai suna 3L, ƙarfinsa bai wuce na doki kamar 90 ba, amma famfonsa na mai ba ya jiran umurnin kwamfuta. In ta tsaya tsakanin Tawa da Abalak, makanikin ƙauye zai kwance shi a ƙarƙashin itace, ya tashe ta kafin la'asar. Aibinta shi ne shekaru: wadda ta haura 25 a kan hanya ta sha kaya, sau da yawa tsatsa ta ci gindinta, mai ita kuwa kullum yana wajen masu sayar da kayan gyara.

Sabuwa, mai injin 2GD, tana da ƙarfin doki wajen 150, ga sauri, ga daɗin zama, ga ingantaccen birki. Sai dai kwamfuta ce ke auna man da take fesawa, da matsi mai tsanani, ta ƙananan kafofi. Gazuwal ɗin bakin hanya mai ruwa ko ƙasa yana iya lalata su, gyaran kuma sai da na'urar bincike da ƙwararre, waɗanda sai a manyan birane ake samu.

Saboda haka, mai karatu, kafin ka dubi shekarar mota, dubi hanyarka. In zirga-zirgarka kan kwalta take, daga Yamai zuwa Damagaram, kana shan mai a gidan mai, sabuwa za ta biya ka. In kuwa kasuwannin ƙauye kake ci, da buhunan hatsi da na wake cikin rairayi, tsohuwa mai lafiya ta fi rufa asiri. Kowacce ka zaɓa, tafi da makanikin da ka amince da shi, ya duba ƙarƙashinta kafin ka ƙirga kuɗi, domin fenti ba ya ɗaukar kaya.