Mai gina shafin intanet, ka auna aikinka da wayar mutumin Bune

Bune ƙaramar hukuma ce a gundumar Gure ta jihar Damagaram, ƙasar tuddan rairayi da kwaruruka masu dabino da kanwa, inda Mangawa da Hausawa da Fulani ke cin kasuwa ɗaya. A nan ma waya ta shiga hannun jama'a: malamin makaranta na neman labarin jarrabawa, ɗan kasuwa na tambayar farashin gero, matashi na bin labarin ƙwallo. Amma yawancin masu gina shafukan da waɗannan mutane ke buɗewa suna zaune ne a Yamai ko Kano ko Damagaram, gaban kwamfuta mai ƙarfi da intanet mai gudu, kuma a kan wannan kwamfutar suke gwada aikinsu su ce ya yi. Ra'ayina shi ne ma'aunin ya karkace. Duk wanda ke wallafa rubutu ko gina shafi domin masu jin Hausa, ya kamata ya ɗauki ƙaramar waya mai rezo sanda ɗaya ko biyu, irin wadda ke aljihun mutumin Bune, a matsayin alƙalin aikinsa.

Lissafi kawai ya isa hujja. Ƙididdigar HTTP Archive, mai bin diddigin miliyoyin shafuka, ta nuna cewa matsakaicin shafi a waya ya haura mega 2. A kan layin da ke tafiyar kilobit 400 a daƙiƙa, mega 2 na buƙatar daƙiƙa 40 kafin su sauka, alhali shafi mai kilobait 200 daƙiƙa 4 sun ishe shi. Wani binciken Google na 2016 ya gano cewa kashi 53 cikin 100 na masu waya suna barin shafin da ya wuce daƙiƙa 3 bai buɗe ba. Ga kuma batun aljihu: wanda ya sayi mega 100 daga Airtel ko Moov ko Zamani, shafi 50 zai buɗe idan masu nauyi ne, 500 idan marasa nauyi ne. Abin takaicin, rubutun da ya zo karantawa bai taka kara ya karya ba, domin maƙala mai kalma 1,000 ba ta kai kilobait 10 ba. Sauran duk hotuna ne da tallace-tallace da kwalliyar da bai roƙa ba, kuma shi ke biyan kuɗinsu. Direbobin hanyoyin rairayi sun san cewa motar da aka labta wa kaya ita ke fara kafewa, haka ma shafi a kan raunannen rezo.

Gyaran kuwa daga hoto yake farawa, don shi ne kan gaba wajen nauyi. Hoton da wayar zamani ta ɗauka yakan kai mega 3 ko 4, faɗinsa ɗigo 4,000, alhali fuskar ƙaramar waya ba ta buƙatar fiye da 800. A rage faɗin, a mayar da shi tsarin WebP wanda Google ya fitar a 2010, sai ya dawo ƙasa da kilobait 100 ba tare da ido ya ga wani bambanci ba. Manhajar Squoosh tana yin wannan kyauta a cikin burauza, tana nuna tsohon hoton a hagu, sabon a dama, da layi a tsakiya da mutum zai ja da yatsa ya kwatanta. Bayan haka a umarci shafin kada ya sauke hoton ƙasa sai mai karatu ya gangaro wurinsa, wanda kalma guda ce ake ƙarawa a lambar HTML. Masu amfani da WordPress su zaɓi riga mara nauyi, su cire duk ƙarin manhajar da ba ta aikin komai, su hana bidiyo kunna kansa. Kafin a saki aiki, a sa adireshin a PageSpeed Insights a ga makin waya, sannan a buɗe kayan gwaji na Chrome a rage gudun layi zuwa 3G. Wanda ya zauna yana kallon farin allo na rabin minti a kan shafin da ya gina da hannunsa ba ya buƙatar wani wa'azi.

Abu na biyu harshe ne. Kundin sake gina ƙasa da Nijar ta amince da shi a watan Maris na 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, don haka rubuta ta daidai ba ado ba ne. Haruffa masu lanƙwasa, wato ɓ da ɗ da ƙ da ƴ, duk suna cikin Unicode, kuma allon rubutu na Gboard yana da Hausa. Abin da ya rage ga mai gini shi ne ya sa shafinsa a tsarin UTF-8, ya sanya alamar “ha” a kansa don injin bincike ya san harshen, ya zaɓi salon rubutu irin Noto ko wanda ke cikin wayar tun asali, kada haruffan su koma ƴan akwatuna. Ya kuma tuna cewa manya da yawa a karkarar Nijar ba sa karanta boko, kuma saƙon murya a WhatsApp ya fi rubutu yawo. Gajeren sauti na minti biyu a saman maƙala, mai nuna nauyinsa, wanda ba ya sauka sai an taɓa, zai kai saƙon ga wanda rubutu bai kai wa ba.

Wani zai ce ai wannan matsala ce mai wucewa, tunda ana shimfiɗa wayar fayiba a ƙasa kuma Starlink ya fara aiki a Nijar a 2025. Gaskiya ne hanya na faɗaɗa, amma fayiba manyan garuruwa take fara bi, kuma kuɗin faranti da na wata ba na kowane gida ba ne. Ko da rezo ya cika, wayar tana nan da ƙaramar ƙwaƙwalwarta da batirin da ake kai wa mai caji a biya, kuma shafi mai tarin lambobin JavaScript yana shan batir yana daskarar da waya ko a tsakiyar Yamai. Wani kuma zai ce shafi mara kwalliya ba ya jan ido, ba ya kawo kuɗin talla. Sai dai tallan da bai buɗe ba ba ya biyan ko dala, kuma Wikipedia, wadda kusan rubutu ce zalla, tana cikin shafukan da aka fi ziyarta a duniya. Kyau na cikin tsari: manyan haruffa, sarari tsakanin layuka, maɓallin da babban yatsa zai taɓa ba kuskure.

Ƙorafin da ya fi ƙarfi shi ne na masu cewa me ya kai mutum wahalar shafi alhali jama'a na Facebook da TikTok. Jama'a na can, ba musu, kuma wauta ce a ƙi bin su. Amma gidan aro ne: mai shi na iya rufe asusu ko ya sauya ƙa'ida dare ɗaya, kuma rubutun bara yakan nutse ba mai iya tono shi. Dabarar ita ce a ajiye asalin aiki a wurin da mutum ke da iko, a riƙa kai hanyarsa dandalin. Ba sai da jari ba: Blogger, wanda ke hannun Google tun 2003, kyauta ne, haka GitHub Pages, kuma Let's Encrypt na ba da takardar tsaro ta HTTPS ba ko sisi. A saita take da ƙaramin hoto yadda za su fito sarai idan an tura a WhatsApp, a kuma riƙa ajiye kwafin komai a wani wuri dabam.

Matasan da ke koyon wannan sana'a, a Jami'ar André Salifou ta Damagaram ko a shagunan kwamfuta na Gure da Maraɗi, su sani cewa sauƙaƙa shafi gwaninta ce, ba gazawa ba, domin wanda ya buɗe a Bune zai buɗe a ko'ina. Kafin ka danna maɓallin wallafa, ari wayar da ta fi kowace rauni a gidanku, kashe wayfai, ka buɗe shafin da megarka. In ya wuce daƙiƙa 5, koma ka rage kaya.