Gansakuka A Tafkin Kifi

Malam manomi, in ruwan tafkinka ya yi kore-kore, ba laifi ba ne. Gansakuka ce ƙanana, kuma abincin karfasa ce. Amma fa in ta yi kauri, ita ce ajalin kifinka. Da rana takan ƙara wa ruwa iska, da dare kuwa sai ta shanye iskar da kifi ke shaƙa. Shi ya sa za ka ga kifi sun taso sama da asuba suna haki.

Ga yadda ake gwadawa: tsoma hannunka cikin ruwan, kamar santimita 30. In tafin hannunka ya ɓace tun ruwa bai kai gwiwar hannu ba, gansakuka ta yi yawa.

Abin yi:

1. Dakatar da zuba kashin kaji ko na shanu.
2. Rage abinci, don ragowarsa ke ruɓewa ta zama taki.
3. Rage ruwan, ka zuba sabo.
4. Mai zare-zare kuwa, kwashe ta da manjagara, ka kai ramin taki.

Kada ka fesa maganin ciyawa. In ta mutu gaba ɗaya, ruɓewarta za ta ƙarar da iskar, kifi su bi ta. In abin ya faskara, nemi malamin gona.