Buroshin zanen farce: kafin ki saya, dubi gashin, ba lambar ba

A New Bell, unguwar baƙi ta Duwala wadda ta samo asali tun ƙarshen zamanin Jamusawa, wajen 1914, sana'ar ƙunshi ta daɗe a hannun matan Hausawa. Abin da ya sauya a 'yan shekarun nan shi ne amarya ba ta tsayawa kan lalle kaɗai. Tana so a yi wa farcenta zane ya dace da leshin da za ta sa ranar kamu. Mai ƙunshin da ba ta iya wannan ba, sai ta ga 'yar Bamileke mai shagon gyaran farce a bakin titi ta karɓe mata rabin aikin biki.

Shi ya sa 'yan mata da yawa suka shiga koyo. Kuma kusan dukkansu wuri ɗaya suke fara asara, wato wajen sayen buroshi, abin da masu shago a nan ke kira "pinso" da Faransanci. Yarinya ta shiga Marché Congo ko Marché Central, a miƙo mata fakiti mai guda goma sha biyar, ta biya tana murna. Bayan wata biyu, guda biyu kawai take taɓawa, su ma gashinsu ya baje kamar tsohuwar tsintsiya.

Abu na farko da ya kamata a sani: lambar da ke jikin sandar buroshi ba ma'auni ba ne da kamfanoni suka yi yarjejeniya a kansa. Lamba 8 ta wannan kamfani tana iya zama daidai da lamba 10 ta wancan. Don haka idan mai shago ya ce, "Hajiya, wace lamba za a ba ki?" ki ce ya buɗe ki gani.

Buroshin jan layi shi ne uwar aiki, kuma da tsawon gashinsa ake gane shi, da milimita. Gajere, mai milimita 5 zuwa 7, shi ne na furanni, ganye da 'yan lanƙwashe-lanƙwashe irin na zanen lalle, domin hannu yana juya shi yadda yake so. Matsakaici, mai 9 zuwa 11, yana ɗan taɓa komai, kuma idan guda ɗaya kuɗinki zai iya saya, to shi za ki ɗauka. Dogon kuwa, daga 15 zuwa sama, na miƙaƙƙen layi ne daga gindin farce zuwa bakinsa. Masu koyo suna jin tsoronsa, suna ganin zai fi wuyar sarrafawa, alhali tsawon gashin ne ke shanye rawar hannu. Kwantar da shi ake yi a ja a hankali, ba a tsayar da shi kamar biro. Wadda ta saba matsa ledar lalle tana da sa'a a nan, don ta riga ta san jingina ƙaramin yatsa a hannun mai ƙunshi kafin ta ja layi. Ɗige-ɗige kuma ba aikin buroshi ba ne sam. Akwai ɗan ƙarfe mai dunƙulallen kai da aka yi dominsa, in babu shi tsinken sakace ma ya isa.

Na shimfiɗa jel daban yake: faffaɗa ne, bakinsa a miƙe ko a ɗan zagaye, gashinsa na roba, yawanci lamba 4 zuwa 8. Ki gwada faɗinsa da farcen ƙaramin yatsanki. In ya fi shi faɗi, zai riƙa shafa fata, kuma jel ɗin da bai bushe ba idan yana yawan taɓa fata yana iya jawo ƙaiƙayi da kumburin da ba ya barin mutum.

Sai na akirilik, mai tsadar cikinsu. Na ƙwarai da gashin wutsiyar wata dabba mai kama da tunku ake yin sa, ana kiransa kolinski, daga yankin Saiberiya da arewacin Sin. Ƙwararru suna son lamba 12 ko 14 saboda yana ɗaukar ruwa da yawa, aiki ya yi sauri. Ga mai koyo a Duwala ni dai ban ga amfanin wannan ba. Zafi yana sa haɗin ya daskare da wuri, babban buroshi kuma ya kwaso abin da ya fi ƙarfin hannunki, kafin ki daidaita shi ya sandare. Lamba 8 ta ishe ki shekarar farko.

Wanki ne ke kashe yawancinsu. Asiton, ruwan goge jan farce, yana busar da gashin kolinski har ya kakkarye. Da ruwan akirilik ɗin kansa ake wanke shi. Na jel kuma a goge shi da ɗan jel marar launi ko sifirit, a rufe, a nisanta shi da fitilar busarwa da hasken rana, in ba haka ba abin da ya rage a gashin ya daskare, shi ke nan an yi jana'iza. Da damina, musamman Yuli da Agusta lokacin da ruwan Duwala ba ya ɗaukewa, kada a rufe buroshi da danshi a cikin leda. A kwantar da shi ya sha iska tukuna.

Akwai kuma abin da ya bambanta kasuwarmu da ta maƙwabta. Jan farce, jel da farcen roba duk suna hana ruwan alwala isa ga farce, don haka yawancin matanmu sai lokacin da ba sa salla suke sawa, na 'yan kwanaki, su goge. Lalle kuwa launi ne kawai yake bari, ba ya hana ruwa. Ma'ana, aikin da zai fi zuwa miki a cikin unguwa shi ne zane mai sauƙin gogewa da kuma gyara gefen jan lalle a kan farce, ba dogon akirilik mai sati uku ba. Gajeren buroshin layi da matsakaici su ne za su ci abinci kullum. Mai tsadar nan yana iya yin wata bai fito daga jaka ba.

Wannan lissafin ya shafi Alhazan da ke sauke kaya daga Guangzhou, Dubai ko kasuwar Trade Fair ta Legas. Katan na fakitin goma sha biyar yana da arha a can, amma mai sana'a sau ɗaya take sayensa. Abin da take dawowa nema shi ne na layi ɗaiɗai, mai 7 da mai 11, mai murfi. Kafin a biya kuɗin katan, a ciro guda, a jiƙa bakinsa da ruwa, a ja a bayan hannu. In ya koma ya yi tsini ɗaya, kaya ne. In ya rabu biyu ko gashi ya zube, a bar musu abinsu.