Kotun ICC da Zargin Farautar Afirka

Kotun Hukunta Manyan Laifuka ta Duniya, wato ICC, da ke birnin Hague na ƙasar Holland, ta fara aiki a 2002 bisa Yarjejeniyar Roma ta 1998. Huruminta ya haɗa da kisan ƙare-dangi, laifukan yaƙi da cin zarafin bil'adama.

Zancen da ya ƙi ci ya ƙi cinyewa a dandalin sada zumunta shi ne wai Turawa suka kafa ta don farautar shugabannin Afirka. A Satumban 2025 ma Mali, Burkina Faso da Nijar sun sanar da ficewa bisa zargin mulkin mallaka. Abin takaici, masu yayata zancen ba sa bin diddigin tarihi. Senegal ce ƙasar farko da ta amince da yarjejeniyar a 1999. Uganda, Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango da Afirka ta Tsakiya su da kansu suka kai ƙara. Ita kanta Mali ta gayyaci kotun a 2012, har aka yanke wa Ahmad al-Faqi al-Mahdi ɗaurin shekara 9 a 2016 saboda rusa hubbaren waliyyai a Timbuktu. Fatou Bensouda 'yar Gambiya ce babbar mai gabatar da ƙara daga 2012 zuwa 2021. Sannan kotun ta ba da sammacin kama Vladimir Putin a 2023 da Benjamin Netanyahu a 2024.

Ainihin aibin yana wani wuri. Amurka, Rasha da Sin ba mambobi ba ne, amma suna da kujerar na-ƙi a Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya, wanda ya miƙa wa kotun batun Darfur a 2005 da na Libiya a 2011. Da aka zo kan Siriya a 2014, Rasha da Sin suka hana.

Kotun ba ta sa baki sai ƙasa ta kasa ko ta ƙi hukunta masu laifi. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Don haka mai kishin Afirka ya matsa wa gwamnatinsa lamba ta bai wa alƙalai 'yanci, ta kare shaidu, ta binciki jami'an tsaro da 'yan bindiga ba sani ba sabo. 'Yan jarida su tantance wanda ya kai ƙara kafin su ce farauta ce, jama'a kuma su daina tura saƙon da ba su bincika ba. Ƙasar da kotunanta ke yin adalci ba ta da abin tsoro a Hague.